Kantun Tasalla na Ƙarshe

Tasalla maƙwabciyata ce a Wagini. Kantun riɗi take yi, sana'ar da ta gada wajen uwarta, wadda nakan sayi nata in na dawo hutu daga makarantar mishan. Aikin bai canza ba: a gasa riɗi a kasko, a narka mazarƙwaila, a haɗa, a juye a faranti mai shafe da mai, a murza da kwalba, a yanka da ɗuminsa. In ya huce ba a yanka ba, wuƙa tana taɓa shi zai farfashe.

A da gonarsu ta bakin daji ke ba ta riɗi. Tun da 'yan bindiga suka hana zuwa can, abin da ya rage mata bai wuce cikin ƙwarya ba, ta kuma ɓoye shi don garar jikarta Ramlat, wadda aka kai Zakka. Alkaki da nakiya kowa na kaiwa, amma dangin ango sun san gidan masu kantu suka auro, shi za su fara nema.

Ranar kai gara ina zaure ta leƙo.

"Yaya, ka sa mini albarka. In wannan ya ɓaci ba ni da wani."

"Ke da kike yi ido rufe?"

"Idon ma ai ya kusa rufewa."

Na bi ta gidanta. Ta juye, ta murza, ta ɗauki wuƙa ke nan muka ji ƙarar babura da yawa daga yamma, ta inda 'yan bindiga ke ɓullowa. Mata suka kwashi yara suka shige ɗaka, ni na maƙale bayan ƙyaure. Tasalla ta tsaya cak a tsakar gida da wuƙar a hannu, ta kasa gudu, ta kasa yanka.

Ashe ɗanta Armaya'u ne da abokansa da za su ɗauki garar. Sun yi sammako don kada la'asar ta same su a hanya, kuma hanyar yamma suka biyo.

"Ja'iri, ba ka iya aiko da saƙo ba?" in ji ta.

Ta taɓa farantin. Ya huce, ya zama dutse.

Armaya'u ya ce a fasa da taɓarya kawai.

"In aika wa surukai ɓarɓashi? Su ce me?"

Ta tura wuƙar cikin garwashi. In ta yi zafi ta ja layi a hankali, ta mayar, ta sake ja, masu babura suna duban rana. Yankan ya fito a karkace, kusurwa ɗaya ta ɓalle, sauran suka tsira. Ta jera su a langa, ta miƙa mini ɓallen.

Garar ta isa Zakka lafiya, aka ce kantun aka fara cinyewa. Tasalla ta kife kaskon a bayan rumbu, yana nan har yau.