Dattijo Mai Ƙafa a Leda

Na rako maƙwabcina kotu, muna zaune a saman bene, sai ledar wani dattijo ta yage, ƙafa ta faɗo tim. Mata suka watse. Ashe simintin karaya ne da aka cire masa, ya kawo shaida.

Ga shi nan ya rungume abin kamar jariri, zufa na bin wuyansa. Da gani tela ne, zare ya manne a hularsa. An yanke masa hukunci ya bar shagonsa, ya makara ɗaukaka ƙara da kwana tara. Ina jin lauyansa na cewa alƙali ba ya karɓar "na yi ciwo" a dunƙule, kowace rana sai an faɗi inda ta tafi. Takardar asibiti kuwa kwana shida ta nuna. Dattijon sai lanƙwasa yatsu uku yake yana buɗewa, ko tari masinjan kotu ya yi sai ya zabura.

Bakina ba ya shiru. Na ce, "Baba, ukun nan fa, amarci aka sha?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Miƙo taka ƙafar in karya, ɗana, mu ga kwana nawa za ka yi kafin ka hau benen nan."