Sista Rose, Mai Tambaya Kafin Allura

Kowace safiya Sista Rose kan tafasa allurai, ta jera su a tire, ta shiga ɗakin maza na asibiti. Masu sauƙi ta yi musu ta wuce. Amma in ta iso wurin wanda likita ya rubuta wa allurar kashe zafi mai gusar da hankali, ta kuma ga alamar ba zai tashi ba, sai ta ajiye tiren, ta duƙa, ta ce da Hausa ko da Barbarci, "Baba, akwai maganar da za ka bari?"

In ya ce akwai, to ba allura sai an kira shaidu biyu, maza adilai waɗanda ba su da rabo a cikin abin da za a faɗa. Ta sha zagi a kan haka. Masu jinya sun ji wani mahauci yana murƙususu yana cewa, "Sista, allurar nan ta ubanki ce?"

Ta ce, "Ta gwamnati ce, Baba. Ci gaba da zagi, shaidu su tarar hankalinka na nan."

Ba haka ta fara ba. Farkon zuwanta Maiduguri aka kwantar da Madu, dillalin shanu a Gamboru. Bai haihu ba, amma ya riƙi wata marainiya, Zainaba, ya aurar da ita, da mijinta ya rasu kuma ta dawo gidansa da 'ya'yanta. 'Yar riƙo ba ta cin gado, sai dai a yi mata wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Madu ya gaya wa Rose cewa ya bar wa Zainaba sashen gidan da take ciki, ya aika a kira liman da wani amininsa su shaida.

Kafin su zo ciwo ya taso masa. Zainaba ta kama hannun Rose ta ce, "Don Allah, Sista, ki yi masa, ba zan iya ji ba." Ta yi masa. Shaidu suka tarar da shi yana sambatu. A gaban alƙali suka faɗi gaskiya, ba za su iya rantsewa yana cikin hayyacinsa ba, maganar Rose ita kaɗai kuwa ba ta isa ba. 'Ya'yan ƙaninsa suka sayar da gidan, Zainaba ta kwashe yara ta koma ƙauyen Dusuman tana noma gonar aro.

Watan jiya, ranar da Rose ta ajiye aiki, Zainaba ta zo da kaza a hammata, kanta duk furfura. Ta ce, "Har yanzu ba ki bar zargin kanki a kan allurar nan ba? Ni fa na roƙe ki."

Rose ta ce, "Ke ba ki san aikin allurar ba. Ni na sani."

"To, ya dai tafi cikin barci. Karɓi kazar, ta dame ni."

Ta karɓa, amma ba ta ɗaga kai ba.

Sista, ke ce kika yarda a kira ki mara tausayi don kada wata ta rasa matsuguni. Muna nan garin, ba mu taɓa tambayarki yadda kike ji ba, kina tsaye da magani a hannu mutum na kuka. Ni ma kunya ta hana ni faɗa miki da baki. Mun gode, Allah ya saka miki.

Sababbin ma'aikatan jinya masu farin kaya, ku riƙa tambaya yadda take yi. Mu kuma mu kira shaidu tun muna tafiya da ƙafafunmu, don kada wata ta sake tsayawa a kanmu tana zaɓe tsakanin zafinmu da maganarmu.