Ranar da Dadda Idder Ya Sauko da Mu Daga Lilo

Duk kwarinmu babu wanda ya kai Dadda Idder iya hawan bishiya. Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara tara, don haka ko tsokana ta yi tsokana sai na sa masa Dadda, wato yaya a yarenmu, kafin in kira sunansa. Mahaifinsa mai alfadari ne, shi kuwa tun tasowarsa ya zama mai kakkaɓar jauzi, wato gyaɗar bishiya mai ɓawo mai tauri. Da kaka, idan 'ya'yan sun nuna, masu gonaki har rige-rigen ɗaukarsa suke yi. Ya cire takalmi, ya rataya doguwar gora a baya, ya haye itacen da ya fi hasumiyar masallacinmu tsawo, ya tsaya a kan reshen da bai fi kaurin dantse ba yana dukan 'ya'ya yana waƙa. Da wannan sana'ar ya auri Ijja, ya gina ɗaki biyu a kan gidan mahaifinsa, ya ciyar da 'ya'ya biyar.

Da sanyi kuwa, idan dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, mazan ƙauye kan hau dutse zuwa filin wasan zamiya a kan dusa su nemi na abinci a wajen baƙin birni. Wasu su ba da hayar alfadari, wasu su dafa shayi. A nan kamfani ya kafa kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe, suna ɗaukar mutum biyu-biyu zuwa ƙololuwar dutse. Mu lilo muke ce musu. Turke goma sha huɗu ne ke riƙe da igiyar, tafiyar kuma minti ashirin ce. Ni aka ɗauke ni aikin zaunar da mutane a tashar ƙasa. Idder aka ba shi guduma, kullum da safe ya hau kowane turke ya farfasa ƙanƙarar da ta daskare a tayoyin da igiyar ke bi.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, a ƙafa yake hawa, a ƙafa yake saukowa, dusa har gwiwa. Kujerar nan ko kyauta ba ya zama a kanta.

"Dadda, kai da ke kwana a kan reshe, kujera ce ta gagare ka?" in ce masa.

"Haddu, rufe min baki," ya ce. "Bishiya tana da saiwa, turke yana da siminti. Wannan me ya riƙe ta? Ƙarfe kamar yatsan Ijja."

Sau ɗaya tak ya hau, ranar da sabon manaja ya ce ba zai biya mutum yana ɓata awa biyu a hanya ba. Tare muka zauna. Muna isa ramin da ke tsakanin turke na bakwai da na takwas, inda ƙasa ke gudu daga ƙarƙashin mutum har alfadari ya koma kamar tururuwa, sai Idder ya runtse ido ya damƙe min hannu. Ya karanta duk surar da ya haddace, da suka ƙare ya koma farko. Kwana goma shatin yatsunsa na jikina. Ni kuwa ban bar mai shayi ko ɗaya ban ba shi labari ba. Daga baya manajan ya gaji ya ƙyale shi.

Akwai wani akwati a ɗakin inji. Wata shekara Turawa biyu sun zo sun nuna mana yadda ake sauko da mutane idan lilo ya tsaya: igiyoyi, da ɗamarar da ake ɗaura wa mutum a ƙugu da cinyoyi, da wata ƙaramar taya da ake maƙala wa igiyar ƙarfe, mutum ya rataya ya gangara daga kujera zuwa kujera. Mun kalla, mun tafa, mun sha shayi, Turawa suka tafi. Idder ne kaɗai ke buɗe akwatin duk farkon sanyi, ya shanya igiyoyin, ya sa wa tayar mai, don shi mutum ne da ba ya son ganin igiya a wulaƙance. Amma bai taɓa rataya a jikinta ba.

Ranar da abin ya faru Lahadi ce, cikin Fabrairu, bayan azahar kaɗan. Ijja ta dafa wa ma'aikatan tashar sama miyar wake, aka ce in kai musu. Na rungumi tukunya na zauna, aka zaunar da wata dattijuwa kusa da ni. Sunanta Lalla Zubida, tsohuwar shugabar makaranta daga Kasablanka, ta zo da ƙawayenta ganin dutse, da takalmin birni a ƙafarta. Tun daga turke na biyu take gyara min zama.

"Miƙe bayanka, kai. Haka ake riƙe tukunya?"

Muna shiga saman ramin iska ta faso ta tsakanin duwatsu, ba sallama. Kujerar ta karkace har na hango ƙasa ta gefen kafaɗata. Ta dawo, ta sake tafiya ɗaya gefen. Sai muka ji wata ƙara a gabanmu kamar an doki ganga da ƙarfe, kujerar ta yi ƙasa da mu kamu biyu, ta yi sama, sannan komai ya tsaya cak. Tukunyar ta suɓuce min. Ina kallonta tana juyawa a iska, murfi daban miya daban, na daɗe kafin in ji faɗuwarta.

Gaba da baya ihu ne da salati. Lalla Zubida ba ta yi ihu ba. Ta riƙe ƙarfen gabanmu da hannu biyu, ta ƙura wa sama ido, leɓenta na motsi.

Oba-oba da ke aljihuna ta yi magana. Mai kula da inji ne. Ya ce igiyar ta zame daga tayoyin turke na takwas, ƙugiyar gefe ce ta tare ta, idan ya kunna inji zai iya zubar da mu duka. An kira 'yan kwana-kwana daga Marrakesh, amma motocin baƙi sun cushe hanyar dutse, ba za su iso ba sai nan da awa huɗu. Na kashe muryar don kada dattijuwar ta ji, amma ta riga ta ji. Duk wanda ya tashi a nan ya san da ƙarfe huɗu rana ke faɗawa bayan dutse, kuma ya san abin da sanyin bayan nan ke yi wa mutumin da ke zaune wuri ɗaya.

Waɗanda ke kusa da ƙasa an sauke su da tsani. Saura mu, kujera tara a saman ramin, mutum goma sha bakwai. Awa guda muna lilo a iska. Ƙafafuna suka daina ji. A kujerar gabanmu wani ango ya fara ɗaga ƙarfen kariya wai zai dira, amaryarsa na riƙe masa riga tana kuka.

Sai na ga masu alfadarai suna gangarowa cikin ramin, kusan su ashirin, sun yi layi a ƙarƙashinmu. Na ɗaga kai. Ga mutum yana hawan turke na takwas da igiya a kafaɗa. Ba sai an gaya min ko wane ne ba, mutum ɗaya ne ke hawa haka, kamar yana taka matakalar gidansa.

Daga baya mai inji ya ba ni labarin yadda aka yi. Manaja ya tara ma'aikata ya ce wa zai rataya, kowa ya sunkuyar da kai. Sai Idder ya shiga ɗakin inji ya fito da akwatin.

A saman turken ya maƙala tayar, ya ɗaura ɗamara, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Daga inda nake ina ganin ya leƙa ƙasa ya ɗauke kai, ya sake leƙawa. Sannan ya saki turken.

Ya gangaro a jikin igiyar ƙarfe, iska na wurgi da shi kamar rigar da aka shanya. Ya dira a bayan kujerar farko, ya ɗaura wa mutum ɗamara, ya zura igiya ta zobe, ya jefa wa masu alfadarai bakinta, suka riƙa sakinta a hankali har mutumin ya taɓa dusa. Ihun da ya tashi daga ramin nan har tashar ƙasa an ji shi. Ya sauke na biyu, ya cire tayar ya tsallake wuyan kujerar da ita, ya wuce ta gaba. Da ya isa wajen angon nan sai da ya fara kai masa rankwashi a ka, sannan ya sauke amaryar.

Mu ne na shida, a daidai inda ramin ya fi zurfi. Da ya dira kujerar ta girgiza, sai na ga fuskarsa. Gashin bakinsa ya yi fari da ƙanƙara, safar hannunsa ta yage, jini ya daskare a tafinsa.

"Lalla, sannu da sanyi," ya ce. "Sakar min ƙarfen nan in ɗaura miki wannan."

"Ba zan saki ba."

"Igiyar nan tana ɗaukar alfadari da kayansa."

"To je ka ɗauko alfadari. Ni a nan zan jira hukuma."

Ya gwada ɓamɓare yatsunta, sun ƙi. Iska ta sake kaɗa mu, na ji haƙoransa na haɗuwa.

"Lalla, don Allah dubi gwiwoyina," ya ce.

Ta sauke ido. Rawa suke yi kamar an kunna musu inji.

"Tambayi wannan mai bakin da ke kusa da ke. Duk dutsen nan babu matsoracin kujera kamata. Kowane minti da kika ƙara, ni kike ƙara wa azaba."

"Gaskiya ne, Lalla," na ce. "Kowa ya sani."

Ta dube shi sosai, irin kallon da ake yi wa ɗalibi. "To me ya hau da kai?"

"Ina ƙasa ina jin kukan mutane. Na ga wannan ya fi min sauƙi."

Ta dubi hannuwanta. Can ta ce, "Ɗaga min yatsun ɗaya-ɗaya, ni na kasa."

Haka ya yi, yatsa bayan yatsa, yana hura musu iskar bakinsa. Da ya ɗaura mata ɗamara ta gyara mayafinta, ta yi bisimilla, ta zame daga kujerar da kanta. Ba ta kai rabin hanya ba muka ji muryarta tana yi wa masu alfadarai faɗa: "A hankali, ku! Buhun sha'ir kuka samu?"

Idder ya juyo gare ni. "To, sarkin baki. Yau ina bakin?"

"Dadda, na tuba."

"Ina tukunyar Ijja?"

"Ta riga mu sauka."

Ya yi dariya har da tari, ya ja min ɗamara da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, ya tura ni.

Ƙarfe huɗu da kwata mutum na goma sha bakwai ya taka ƙasa, Idder ya biyo bayansa. Yana taɓa dusa ya zauna daɓas. Masu alfadarai ba su bar shi ya tashi ba, suka ɗaga shi sama suka ɗora a kan alfadarin da ya fi kowane kyau, aka fito da shi daga ramin ana kabbara. Da 'yan kwana-kwana suka iso da manyan motocinsu, sun tarar da mu a rumfar mai shayi cikin barguna, kowa da kofi a hannu. Babbansu ya zagaya ya ƙirga mu sau biyu, sannan ya je ya sara wa Idder.

Labari ya riga mu isa ƙauye. Mata suka tare mu a gadar shiga ƙauye da guɗa, aka fito da ganguna aka gasa fatarsu a wuta, aka yi rawa a filin masallaci kamar ana biki. Ijja ce kaɗai ba ta yi guɗa ba. Ta kama hannuwansa ta juya su ta duba, ta ce, "Da ka faɗo, da wa zan yi wa faɗa?" Sai ta rufe fuska da mayafi.

Yatsu biyu na hannunsa na hagu ba su sake jin zafi ko sanyi ba. Kamfani ya naɗa shi shugaban masu ceto, ya zaɓi mutum bakwai daga kwarinmu ya horar da su da kansa, duk ranar Litinin sai sun rataya, ko akwai iska ko babu. Shekara huɗu bayan nan wutar lantarki ta ɗauke, lilo ya sake tsayawa, mutanensa suka sauke mutum arba'in cikin minti hamsin, ko ƙwarzane babu.

Da bazarar shekarar da ya sauko da mu, wata mota ta tsaya a gada, Lalla Zubida ta fito da takarda a cikin gilashi. Ashe tun komawarta take rubuta wa ofishin gwamna wasiƙa, har sai da suka gaji suka ba da takardar yabo. Idder bai yi makaranta ba, don haka ta sa aka tara ƙauye a tsakar gidansa, ta tsaya a gaban kowa ta karanta da ƙarfi, ta sa limami ya fassara wa tsofaffi da yarenmu. Idder na zaune a kan tabarma, kansa a ƙasa, kunnuwansa sun yi ja. Da ta gama ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu.

"Lalla," ya ce, "sake karanta wurin nan da aka ce jarumi. Haddu bai ji da kyau ba."

Ta kuwa sake karantawa, tana kallona.