Ƙwallon Guragu a Yelwa

Shekarar da farfelar injin jirgi ta sare mini ƙafar hagu, na daina leƙa bakin ruwa. Mun fita jan taru, babbar komar kamun kifi, kusa da Wara, na zame na faɗa ta bayan jirgin, injin na aiki. Ciwon ya ruɓe kafin a kai ni asibiti, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Da na dawo gida sai na shige ɗaki. Inna ke kawo mini tuwo, tana ajiyewa tana kau da kai don kada in ga idonta. Abokan kamun kifi sun yi ta zuwa gaisuwa har suka gaji, don ba na ce musu komai sai "da sauƙi".

Yayana ne ya fitar da ni da dabara. Ya ce mu je Yelwa a duba dungulmin. Muna fitowa daga asibiti sai ya tsayar da babur a wani fili mai siminti inda mutane suka yi da'ira. Guragu ne ke ƙwallo, kowa a zaune kan katako mai ƙananan tayoyi, da silifa a tafin hannu. Da hannu suke tura kansu, da hannu suke bugun ƙwallon. Na ce ya mayar da ni gida. Ya ce sai an tashi.

Ban so in kalla ba, amma ƙarar tayoyin ta hana ni sunkuyar da kai. Gudu suke na gaske, suna karo, katako na kifewa da mutum. Akwai wani mai furfura a gemu, ƙafafunsa sirara a naɗe kamar igiya, shi ke tsaron baya. Taya ta hau masa yatsa, farcen ya fita ɗungurum. Ya yagi bakin rigarsa ya ɗaure, ya koma ciki, jini na bin siminti duk inda ya tura. Wasu 'yan kallo na dariya duk sanda wani ya faɗi. An ci ƙungiyar mai furfuran a ranar, ci mai muni.

Da aka tashi mai furfuran ya turo katakonsa har inda nake zaune, ya dubi dungulmin, ya tambayi sana'ata. Na ce da can masunci ne ni.

"Da ƙafa kaka tuƙin jirgi?" in ji shi.

 Ya ce shi bai taɓa sanin yadda tafiya take ba, ni kuwa na sani, don haka nawa ya fi ciwo, wannan bai musa ba. Sannan ya ce, "Amma hannuwan ga naka, mi sunka yi maka?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa yayana mu tafi gida.

Sai bayan damina na dogara sanda na gangara bakin ruwa. Shigata kwalekwale ta farko, ya kife da ni a ruwa iya ƙugu, na sha laka. Jifan birgi, komar da ake wurgawa, ya fi ƙarfina har yau, don sai a tsaye ake yinsa. Ƙugiya nake sawa, a zaune, kuma abin da nake samu bai kai rabin na da ba.

Na koma Yelwa don in gaya wa mutumin nan cewa na shiga ruwa. Na tarar da 'yan wasan a filin, babu shi. Ɗaya daga cikinsu ya ce babbar mota ce ta taka shi a bakin titi ya rasu, direban bai hango shi ba saboda katakon ya yi ƙasa. Suka ce saura mutum ɗaya su cika, ko zan shiga. Na ce ba zan iya ba. Na yi wa mamacin addu'a, na zauna a gefe na kalli wasan har aka tashi.