Akuyar Inna Mai Jar Fata a Wuya

Na manta abubuwa da yawa a tsufan nan, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube, amma ranar da surukata ta karɓi wuƙa a tsakar gidanmu na Boɗinga tana nan a idona, kuma da ita za a binne ni.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mijina yana cikin masu gyaran hanyar da ta bi ta Boɗinga zuwa Shagari, mu kuwa baƙi ne daga kudancin lardi, Kirista 'yan tsiraru a tsakiyar Musulmi. Uwarsa, wadda duk muke kira Inna, ta biyo mu bayan an yi mata baftisma, ta zo da ƙullin kayanta da wata baƙar akuya mai jar fata ɗaure a wuya. Akuyar ta iskar gidansu ce, gado daga uwarta. Ba a sayar da ita, ba a shan nononta. In masifa ta shigo gida a yanka ta a ba iska jini, a ɗaura jar fatar a wuyan wata akuyar. Inna ta ce ta bar wannan hanyar, amma fatar tana nan, hannunta bai taɓa kai wa gare ta ba. Ni da na tashi a gidan masu bi nakan yi mata dariya a ɓoye, don a lokacin bakina ya fi hankalina girma.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa, ta kama ɗana na fari. Kunyar ɗan fari ta sa ban cika ɗaukarsa a gaban mutane ba. Inna ce ke goya shi, tana kiransa maigidanta, tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba. Jikinsa ya yi zafi rau, idanunsa suka manne. Mijina yana can Shagari wajen aiki. Maƙwabcinmu, wani tela mai kirki, ya hau kekensa ya tafi kiransa, matarsa kuma ta dinga shigo mana da kunu tana yi mana sannu.

Kafin su iso, wan mijina ya biyo daga Danchadi inda yake sarin albasa. Shi bai karɓi bangaskiya ba. Ya dubi yaron, ya dubi akuyar, ya zaro wuƙa daga kube. Ya ce iska ce ta zo karɓar abin da aka hana ta, kuma in ba a zub da jini ba yaron ba zai tashi ba. Gaskiya tsoro ya kama ni. Ina zaune da yaro a cinya, na ƙanƙame shi.

Inna ta miƙa hannu ta ce ya ba ta wuƙar, ai akuyarta ce. Ya ba ta, ya danne mata dabbar. Ta sa wuƙar a wuyan akuyar, sai ta tsinke fatar nan, ta jefa ta cikin murhu.

"An riga an zub da jini domina, na Yesu Almasihu," in ji ta. "Alkawali guda ni kai, ba ni yin biyu. Sake ta."

"Inna, jikanki na hwa," in ji wan mijina.

"Na sani. Ni ka goyon shi."

Da na so in ce muku yaron ya warke. Bai kai Lahadi ba. Mijina ya iso ya same shi da sauran numfashi, a hannunsa ya cika. Wan mijina ya faɗa a gaban masu gaisuwa cewa tsohuwa ta kashe jikanta da taurin kai, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Ni ma zuciyata ta yi mata nauyi. Na ci gaba da durƙusawa in gaishe ta, in kai mata tuwo, amma ban ƙara haɗa ido da ita ba. Ita kuwa kullum da safe sai ta kora akuyar wajen makiyayi tare da awakin unguwa, ta dawo ta zauna da zanen goyon yaron a cinyarta.

Da shekara ta kewayo na haifi 'ya mace, nonona ya ƙi zuwa. Akuyar ta haihu a lokacin. Ina ɗaki na ga Inna ta tsuguna tana tatsar ta a ƙwarya, abin da ba a taɓa yi ba tun kakanninta. Ta dafa, ta huce, ta kawo. A nan na daure na tambaye ta ko ba ta taɓa yin da-na-sani ba.

Ta ce, "Ɗiyata, tun ina yarinya ni ka yanka, kuma da yankan da komi na binne ɗiyana. Abin ga ba shi ƙoshi. Kowace mutuwa sai in ce laihina na, wani abu na rage. Wannan karon na yi kuka kamar raina shi hita, amma ban ji tsoro ba."

Na karɓi ƙwaryar na ba jaririyar, ta sha. Ita ce yau ke riƙe da ni a tsufana.

Da can na ɗauka tsarki shi ne a haife ka a gidan masu bi, ka iya waƙoƙin sujada. A wurin Inna na koyi cewa biyayya ce a ranar da ba a yi maka alkawalin za ka samu abin da kake roƙo ba. Sabon alkawali bai hana mu kuka ba, amma ya kwance igiyar da zunubi da tsoro suka ɗaure mu da ita, kuma wanda aka kwance bai kamata ya koma ya miƙa wuyansa ba, ko da yana bakin kabarin jikansa.