Ragon da na cika wa tumbi

Tumbin rago ne ya ciyar da ni shekara da shekaru a kasuwar Alaba Rago da ke Legas. Ka ba rago ƙaiƙayi, ɓawon rogo, harawar da ta bushe ƙarau, ya kwanta yana tuƙa, tumbin ya mai da su nama. Amma mu 'yan kasuwa ba ma jiran tumbi ya gama aikinsa. Ana saura kwana biyu Babbar Sallah sai mu dama dusa da gishiri da kanwa mu ɗura wa ramammu, ƙishirwa ta kama su, su yi ta shan ruwa har kwiɓi ya cike. Kowa na yi, kada wani ya zo yana min wa'azi.

Wani tsoho mai gadi daga Agege ya sayi wani rago irin wannan a hannuna. Ya ce tunda yake bai taɓa layya da kansa ba, bana ce ta fari. Ya shafa cikin ragon, tam kamar ganga, yana ta murmushi. Na ce masa ƙiba ce.

Ranar jajiberi ya dawo da shi a baro, ƙafafu a sandare, ciki ya kumbura ta hagu. Mushe. Ko yanka bai samu ba.

Mutane suka fara taruwa. Sai na riga shi. Na daka masa tsawa, na tambaye shi abin da ya ba dabbar. Ya ce ya ga ya ƙi harawa, ba ya tuƙa, shi ne ya ba shi shinkafarsa ta rana da rabin burodi, ko zai ci.

Shi ke nan, na samu abin da nake nema. Na ce wa jama'a su zo su ga wanda ya mai da rago ɗan Adam, ya kashe shi da shinkafa. Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Alhali na san ran da ragon ya bar turkena ya riga ya daina tuƙa.

Tsohon bai nemi ko kwabo ba. Ya cire hula, ya goge fuska.

"Ka yi haƙuri, ɗana," in ji shi. "Ka ba ni rago lafiyayye, ni na ɓata shi da hannuna."

Na ce ba komai, Baba, a dai kiyaye gaba. Ya juya baronsa ya tafi.