Zoben Goggo Riskuwa

Goggo Riskuwa ƙanwar mahaifina ce, a Argungu ta yi zaman aurenta da wani masunci, Baba Hodi. Sana'arta banda. Shi ya kamo kifi, ita ta gyara ta ɗora bisa hayaƙi, 'yan sari su zo daga Birnin Kabi su kwashe. Mace ce mai faɗa, kuma a gidanmu duk haka muke.

Tana da zoben azurfa mai jan dutse, wanda ubanta ya zo da shi daga Makka zamanin da ake tafiya da ƙafa. Ta ce yakutu ne, irin wanda malamai ke cewa da shi ake gina ɗakunan Aljanna. A wajenta yana tsai da jini, yana kwantar da zuciya, babban aikinsa kuwa shi ne gargaɗi: idan masifa ta doso gida, sai jansa ya dushe ya koma duhu. Ko yakutun gaske ne ko kwalba, Allah masani, ni dai ban taɓa samun bakin tambaya ba. Kullum da safe sai ta fito tsakar gida ta ɗaga shi ga rana kafin Baba ya ɗauki gora da homa, ragarsa ta kamun kifi. In ta ce ja ne, ya tafi gulbi.

Wata shekara, lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ruwa ya fara janyewa, kifi ya taru a tafkuna. Shi ne lokacin da masunci ke samun abincin shekara. Sai Goggo ta duba zobe ta ce ya yi duhu, Baba ba ya shiga ruwa. Washegari ma haka. Aka yi ta tafiya, murhun banda ya mutu, tsararsa na dawowa da tarwaɗa suna yi masa kirarin mijin-ta-ce. Shi ko yana zaune a zaure yana ɗinkin homar da ba ta yage ba.

Labari ya iske ni a Nasarawa inda nake aure, na hau mota na zo raina a ɓace. Na tarar da rumbu ya kusa ƙasa. Goggo ta miƙo mini zoben.

"Diba, ɗiyata. Baƙi ƙirin. Ruwa na son shi ɗauke min shi."

Na duba. Wallahi ja ne zur, kamar garwashi. Na buɗe baki, Baba ya yi mini ido daga bakin ƙofa, na bi shi zaure.

"Baba, mi a wanga? Yunwa za ku kashe kanku da ita saboda dutse?"

Ya ce ya sani, dutsen ja ne. Tun damina ya lura tana lalube bango in za ta shiga ɗaki, tana gaida mutum da sunan wani sai ya yi magana. Idonta ne ke rufewa, a hankali, ita ba ta gane ba. Uwarta da makanta ta ƙare, kuma ba abin da Goggo ke tsoro a duniya kamar a ja mata sanda.

"In na ce mata dutsen ja ne, na hwaɗa mata ke nan. Ni ban iyawa."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Dattijo da furfura, yana shiga ruwan da kada ke ciki, amma kalma ɗaya ta gagare shi. Na ce masa ciwon da aka ɓoye ba ya jin magani, akwai likitan ido a Sakkwato, in shi ba ya faɗi ni zan faɗi. Ya ce a'a, matarsa ce, daga bakinsa za ta ji.

Muka shiga. Ya zauna gefen tabarmarta, ya karɓi zoben, ya gaya mata duka, bai rage komai ba. Ni ina tsaye na shirya wa kuka da zagi, don na san halinta.

Ta ɗaga fuska sama tana ƙifta ido. Ta miƙa hannunta gabanta, ta juya shi, ta sake juyawa. Sannan ta lalubi gwiwar Baba ta riƙe.

"Ka rantse ja ne?"

"Na rantse."

Ta sauke wani dogon numfashi, irin na wanda ya ajiye kaya daga kansa.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ashe ni ce, ba kai ba. Tashi ka ɗauki homarka, ruwa bai jiranka."